Ɗan Rakiya

Mu uku a kekena daga Kakuri:
ni a gaba, Baba Ɗantala a baya,
Ramlatu a gefensa ta ƙanƙame katin asibiti
kamar takardar gado.
Ni rakiya na zo. Ku riƙe wannan.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi a masaƙa
kafin injuna su yi shiru
ya koma ɗinki a bakin kasuwa.
Yanzu allura ke masa rowar kafa.
Ya lashi zare, ya auna, ya zarce gefe,
ya ce allurar zamani ba ta da mutunci.

Ramlatu kuwa 'yar aji uku,
malaminta ya rubuta da jan biro: ba ta mai da hankali.
Sau biyu na yi mata faɗa.
Ashe rubutun allo ne ke narkewa a gabanta
kamar sukari a koko,
ita kuma ta ɗauka haka yake ga kowa.

Muka haye kogi, muka bi ta Kawo, muka kai Mando
rana ba ta buɗe ba tukuna.
Benci ya cika: mai goyo, ɗan sanda da hula a gwiwa,
wata tsohuwa da auduga manne a ido ɗaya
tana gadin layin da ɗayan.

Likita Kuyet ta rage fitila.
Ga haruffa can a bango, babba a sama kamar mai unguwa,
ƙanana a ƙasa, tururuwa sun ja sahu.
Baba ya ce shi ajami ya sani.
Ta juyo masa allo mai yatsu uku-uku:
ina suka fuskanta?
Gabas, in ji shi. Sama. Sai ya yi jim.
Wannan kam, Allah masani.

Ta ɗora masa tabarau na ƙarfe mai nauyi,
tana zura gilashi tana zarewa.
Wannan ko wancan? Na farko ko na biyu?
A na biyar Baba ya kalli bayan hannunsa
ya ce, yaushe na tsufa haka ba a faɗa min ba?

Ramlatu ta karanta har layi na bakwai.
Ta waiwayo, ta dube ni tsaf ta cikin gilashin,
ta ce, Abba, ashe kana da furfura.
Faɗan nan biyu suka dawo suka tsaya min a maƙogwaro.

Na miƙe zan biya kuɗi.
Likita ta ce, kai fa?
Na ce ni direba ne,
daga nan ina iya karanta lambar mota a Rigasa.
Ta ce, zauna. Shekara nawa?
Arba'in da huɗu.
Ta ɗiga magani, ta aza haɓata a kan ƙarfe mai sanyi,
wani shuɗin haske ya matso, ya matso, har ya taɓa.
Na karanta mata layin ƙarshe ba gargada.
Ba ta yi murmushi ba.

Hawan jinin ido, in ji ta. Amma da sauran lokaci.
Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi.
Gara ce, daga gefe take fara cin azara
mai ɗaki na tsakiya yana yabon rufinsa.
Ɗigo ɗaya kowane dare. Ka dawo bayan wata.
Ka turo min ƙannenka, abin yana bin jini.

Ranar da tabarau suka iso
Baba ya zura zare tashi ɗaya,
ya zare, ya sake zurawa, don jin daɗi kawai.
Ramlatu na tsakar gida tana ƙirga ganyen mangwaro,
ta kai ɗari da wani abu ta ɓace ta sake.

Ni ina kwance rigingine da 'yar kwalba,
hannu na rawa, ɗigon ya sauka a kunci.
Ta zo ta karɓa, ta gyara zaman tabaraunta.
Buɗe, Abba.
Kalli sama.
Kar ka ƙifta.