Akuyar Inno a Bango

Ni mai ɗora tayil ne.
Shekara sha ɗaya ina durƙuso a gidajen mutane,
daga Arkilla har Gawon Nama,
ina jera fari a gefen fari.
Wanda ya gutsure sai in ture shi da ƙafa,
yaro ya kwashe, ya kai juji.

Ranar da aka share ɗakin Inno Tumba,
bayan sadakar arba'in,
farantin tangaranta mai shuɗin fure
ya suɓuce wa Ige.
Ƙara ɗaya, gida ya yi tsit.
Ta ɗauko tsintsiya tana sharar hawaye,
na ce mata, bari.
Ban san dalili ba. Na dai tsince, na zuba a aljihu,
wani ya yanke ni a yatsa, na tsotse jinin.

Bangon zaurenmu na Mabera,
inda siminti ya ɓamɓare tun damina biyu,
nan na zana da gawayi:
jar akuyar nan da Inno ta kiwata,
wadda 'ya'yanta suka biya mini makaranta
har aji uku, inda na tsaya don kaina.

Ja ne ya ba ni wuya.
Na samo shi kaɗan-kaɗan,
tsingaron tulu daga bakin Rima,
murafen kwalbar lemo da na daddake da guduma,
fitilar bayan Keke da ta tarwatse a shataletale,
na tsugunna ina tsinta, motoci na yi mini oda.
Ƙahoni kuwa, hannayen kofi biyu ne
daga teburin Ɗan'ige mai shayi.
Kunne, cokalin da ya gaji da tuwo.

Maƙwabta suna wucewa, suna rage tafiya.
"Mi kaka yi da shara, Maccido?
Wanga ai wasan yara na."
Ban tanka ba, bakina cike da ƙusoshi.

Da wuya ya fito, da ƙafa ta tsaya,
sai suka fara zuwa da hannu a baya.
Kulu ta kawo madubin da ya tsage tun aurenta.
Mai gyaran rediyo ya kawo korayen alluna,
na yi ciyawa da su.
Wani tsoho ya ajiye rabin tabarau, bai ce komai ba.

Rannan ga Bube, ɗan Ige,
lafiyayyen faranti a hagu, dutse a dama,
idonsa na ƙyalli.
Na riƙe hannun.
Na ce, a'a, bangon nan ba ya karɓar na ganganci,
sai wanda ya yi aikinsa har ya faɗi.
Ya yi fushi da ni kwana biyu.

Ido ya rage.
Mako uku akuya na tsaye makauniya.
Na gwada maɓalli, ta zama 'yar tsana.
Na gwada ƙwandala, ta zama 'yar kasuwa.
Sai Ige na kakkaɓe tsohuwar tabarma,
wani abu ya gangaro har ƙafata:
ƙwayar carbin Inno, ruwan zuma,
gefe guda ya suɗe saboda yatsa.
Na dangwala siminti, na danna.
Ta dube ni.

Shuɗin farantin na sa shi can ƙasa,
ya zama ruwan da take sunkuyo ta sha.
Bai haɗu daidai ba,
akwai giɓin da ban samo ba har yau.

Da la'asar rana kan leƙo ta ƙofar zaure,
madubin Kulu ya watsa ta a rufi.
Jiya bunsurun maƙwabta ya shigo neman ɓawo,
ya ja birki, ya kafa kunne, ya yi kuka sau biyu.
Ige ta yi dariya har ta dafa bango,
yatsanta a kan shuɗin,
ta ce, "Nan ne. Nan na fasa."