Motar da Ta Kafe a Bayan Garinmu

Ina ɗan shekara bakwai, ana tsakiyar marka,
motar soja ta kafe a kwarin bayan garinmu,
kan tsohuwar hanyar Ringim.
Maza suka yar da fartanya a kunya, suka zo turi,
ni kuwa na tsaya baki buɗe
ina haddace ta kamar allo.

Shekara arba'in ke nan ina biya haddar
da almakashi da dalma,
in na gama liƙin butocin mutane,
in la'asar ta yi sanyi a rumfata.

Taku guda na babbar, faɗin farce ne a nan.
Haka na yanke, ban taɓa saɓawa ba.
Gwangwanin madara ya ba ni ƙofa,
na tumatir ya ba ni hanci da haƙarƙari.
Taya shida na fafe daga mataccen silifas,
na ɗora allura a garwashi
na zana musu zane ɗaya bayan ɗaya
har idona ya yi ruwa.
Wayar keke ce gatarin ƙafa.
Tamfol kuwa aljihun tsohon wandon kaki,
na jiƙa shi da koko don ya yi lotsawar gaske,
irin ta abin da ya sha rana.

Madubin gefe ɓallin madubin Ladiyo ne.
Ta neme shi kwana biyu, na yi shiru.
Da ta gan shi a jikin ƙofar direba
sai ta ce, "Kai da motarka, Allah ya shirya,"
ta tafi tana dariya ciki-ciki.

Fenti ya fi komai ba ni wuya.
Koren kanti ya cika ihu, kamar ganyen shuka.
Sai da na kashe shi da baƙin tukunya
da ɗan jan ƙasa a kan tsinke,
na shafa da gashin wutsiyar akuya.

Ranar kasuwa na ɗora ta a kan benci.
Yara suka yi cincirindo, na hana taɓawa.
Sai ga wani tsoho da sanda, Kofur Barau,
wanda ke sayar da igiya can gefen 'yan kaji.
Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara,
ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba.

Can ya ce, "Shebur a hagu yake, ba dama ba.
Jarkar ma ka ɗaure ta sama da yawa."
Na ce to.
Ya ce, "Kuma ta yi tsabta, yaro.
Tamu ba ta taɓa kwana da tsabta ba."

Ya sa ɗan yatsa ya ɗaga tamfol,
ya leƙa bencina biyu na tsinken ashana.
Ya fara nuni: "Nan Jatau yake zama.
Nan Ilu mai tari. Nan wani ɗan Gboko
da ke raba mana gyaɗa."
Ya kai kujera ta biyar, sai ya tsaya,
ya sauke tamfol a hankali
kamar mai rufe wanda barci ya ɗauka.

Na ce ya ɗauka, kyauta.
Ya girgiza kai: "Na hau ta ya ishe ni."

Washegari da asuba na gangara kwarin.
Na ɗebo laka a murfin kwalba,
na tsoma gashin kaza
na ɗiga a taya, a ƙasan ƙofa, a matakala,
inda takalmi ke gogewa in za a hau.
Na mai da shebur hagu.
Jarkar na barta yadda take,
don ni a can sama na gan ta,
ina ɗan shekara bakwai,
komai ya fi ni tsawo.