Idon Baduku

Daren Talata, bayan isha'i,
Nazifi ya jingina wayarsa da randa,
ya ce, Kaka, zo ka ga Turawan dauri,
Birtaniyawa da Saksawa
suna saran juna kan wani tsibiri mai yawan ruwa,
tun kafin a aza harsashin ganuwar Kano.

Na gyara zama.
Ga gatari, ga garkuwa, ga gemu har ƙirji,
ga wani sarki yana kururuwa a kan tudu.
Yaro yana kallon jini,
ni ina kallon ɗamara.

Na ce, tsayar min nan.
Wannan kube ɗinkin keke ne,
layi ɗaya sak, babu numfashi a cikinsa.
Hannu ba ya tafiya haka.
Basilla tana gajiya, tana karkata,
kana iya gane inda aka kira salla
mai ita ya ajiye ya tashi.
Fatar nan kuwa ba ta taɓa shan bagaruwa ba,
ba ta ma taɓa zama a jikin dabba ba,
leda ce aka shafa wa laka.

Nazifi ya tuntsire.
Wai malaminsu na jami'a ma haka yake ƙorafi:
sulken na jikokin jikokinsu ne,
haƙoran sun cika fari,
kuma abin da aka sani game da su
bai cika ƙwarya ba,
'yan takardun limaman coci,
da takobi mai tsatsa da aka tono a kushewa.
Sauran duk cikon mai fim ne.

Ban yi musu dariya ba.
Bara wani saurayi ya same ni a rumfata ta Kurmi,
yana son warki da layu
don fim ɗin mutanen Dala.
Mako uku ina jima, ina ɗinki.
Ya juya su, ya yamutsa fuska,
ya ce sun yi duhu, kyamara ba ta son su.
Ya wuce Kwari ya sayo mai walƙiya.
Da fim ya fito na ga kakanninmu
da sawun agogo a wuyan hannu.

Matattu ba sa kai ƙara.

Amma a tsibirin can
akwai wanda ya zauna kan buzu kamar ni,
bayansa yana ciwo,
yatsansa ya sha suka,
ya ɗinka kuben gaskiya, ƙasa ta cinye.
Ban san sunansa ba, ban san yarensa ba,
na san dai yadda yake riƙe zare da haƙori.

Nazifi ya ce, in kashe?
Na ce, a'a, bar shi.
Ƙarya ce, na sani,
amma ina son in ga wa zai ci yaƙin.