Lambar Gida

A shagon Bappayo, bayan Tashar Dukku,
inda janareto ke tari tun hantsi,
na dire kwamfutata kan benci
na ce masa, wannan baiwar Allah ta ishe ni.
Datar dubu biyu na zuba mata ran Talata,
kafin Alhamis ta lashe,
ko katin suna ɗaya ban aika ba.

Ya gyara tabaransa mai ƙafa ɗaya.
"Adda Furera, ba yunwa ke damunta ba,
gulma take kaiwa.
Kina aiki, tana tura 'yan aike ƙetare:
kin buɗe kaza, kin rufe kaza,
ƙarfe nawa kika zauna, me kika nema."

Ashe da ɗan gari akan ci gari.
Ni da nake lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

Ya kutsa jaka cikin jaka,
ya zaƙulo wani ɗan fayil, hos ake ce masa,
ba hoto, ba ado, kamar takardar ƙunshin tsire.
"Nan take duba kwatance kafin ta fita."
Ya jero gidajen da take kai rahoto,
kowane suna ya sa masa lamba guda a gaba:
ɗari da ashirin da bakwai, sifili, sifili, ɗaya.

Na ce, lambar wa?
Ya ce, lambar gida, nata na kanta.
Ɗan aike zai suri takalmi ya fita a guje,
ya yi sallama,
ya tarar zauren da ya baro ne.
Na yi dariya har mayafina ya zame.

Saura layi ɗaya, yatsansa ya tsaya.
"Wannan mai binciken lasisi ne,
na manhajar da kike zana katin biki.
Dala yake nema duk ƙarshen wata.
Shi ma in ɓatar da shi?"

Sai na tuna Malam Yerima na Pantami.
Kalanda ɗari uku na buga masa bashi,
tun bara ya daina bi ta layinmu,
ta bayan gidan mai yake zagayawa.
Na san sunan da nake kiransa a raina.

Amma dala fa?
Cinikina na mako bai kai rabinta ba,
ga haya, ga tawada, ga Ummi aji huɗu.

Janareto ya yi tari biyu ya mutu.
Allon ya dushe, batir saura kashi tara.
Ɗan sandan rubutu na ƙyafta ido a ƙarshen layi.
Bappayo na kallona.
A waje, kwandasta na ta kiran
saura mutum ɗaya.