Na Bakwai

Kar ka taɓa su, Seidu.
Na ga mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da sikelinsa,
na kuma ji kuɗin da ya faɗa.
Ce masa ya yi gaba, Magazin faɗi gare ta.

Ga su nan jingine da bangon kwano,
su shida, tsatsa ta ƙunsa musu lalle.
Kai da ka zo bara ka tarar da layi a ƙofa,
matan Bantama da na Aboabo suna ba da kafin alƙalami,
ka ɗauka da injin dakan fufu aka haife ni.

Na farkon can, adashen Barikisu ne.
Shekara guda tana tashi kafin asalatu,
tana dafa wake da shinkafa a bakin tasha.
Na kai shi gidan abincin Maame Akosua a Kejetia,
na tara jama'a, har da sabuwar riga na sa.
Na danna.
Rogo ya tashi ya manne a silin,
agade ta sami wani ɗan sanda a kunne.
Har gobe akwai masu kira na Mai-jirgin-fufu.

Barikisu ba ta ce uffan ba.
Kwana tara tana ajiye mini tuwo ta juya.
A na goma ta ce,
“Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda ake dakan?”

Ban taɓa ba. Ci kawai na iya.

Sai na je na tsuguna gindin turmi kamar yaro.
Ashe taɓarya ƙara kawai take yi,
mai aikin shi ne hannun nan
da ke shiga tsakanin duka da duka,
ya juya, ya shafa ruwa,
ya fice kafin ta sauko.
Shekara huɗu ina neman hannun nan cikin ƙarfe.

Na uku ya karɓi wannan yatsa, bai ba da canji ba.
Na huɗu ya yi daka lafiya lau ranar da ba kowa,
aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi,
ya yi hayaƙi kamar mai gasa kifi.

Na biyar ba na son zancensa.
Shi ya ci babur ɗina.
Na koma liƙe wa tirotiro salansa a bakin titi,
ina zagaye layin Alhaji Munkaila
don kar mu haɗa ido da bashinsa.
Wannan daminar ban koyi komai ba, yunwa kawai na ji.
Kar wani ya ce maka kowace faɗuwa makaranta ce.
Wata faɗuwar faɗuwa ce kurum,
ka tashi da ƙurjin gwiwa da ƙasa a baki.

Amma buɗe cikin na bakwai ka leƙa.
Murfin nan silin ɗin Kejetia ne ya zana shi.
Shingen da ke tsare hannun mai zubi, yatsana ne.
Fis ɗin nan ɗan na huɗu ne.
Lanƙwasar da ke juya ƙulli ta sulale,
hannun wata yarinya ce mai suna Efua,
ba ta ma san na sato shi ba.

Maame Akosua ta sayi biyu.
Ta hana a yi wa silin fenti,
wai tana nuna wa baƙi tabon.
Barikisu kuwa ta karɓi kuɗinta cif, har da riba,
ta ƙirga a gabana sau biyu.

To, abin da ka ɓoye ƙarƙashin benci tun shekaranjiya,
na murzar gyaɗar nan da ya tsage a gindi,
na gan shi.
Ɗauko ka jingina kusa da nawa, akwai wuri.
Sannan ka miƙo mini sifana sha uku,
na takwas ya ƙi tashi tun safe.