Tambaya ta Bakwai

Na kunna rikoda a wani tsakar gida a Aboabo.
Iya Lantana ta ce in matso ta dama,
kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya.

Tambaya ta bakwai:
shin kin gamsu da katin inshora?
Ta kwance shi daga bakin zane
tare da ɓarin goro da sidi biyu.
"Katin nan ɗan kirki ne, 'yata,
yana kai ni har gaban likita.
Sai dai bai iya hawa trotro ba,
ba ya kama mini layi
tun asuba har rana ta take tsaka."

Ta yi shiru. Rikoda ta haɗiye shirun.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya, na ƙirga daga baya,
jadawalina ba shi da gidan da zan ajiye shi.

"Na hawan jini sukan ba ni.
Na gwiwa, sai a rubuta a 'yar takarda,
a nuna mini kemis da baki.
Shekara talatin ina dakon huhun goro a Kejetia,
gwiwar nan ta gama biyan haraji."

Da dare a Ayeduase
na saurare ta sau uku ina bugawa.
Malamina jigogi yake so,
kowanne da lambarsa.
Na rubuta "nisa", na rubuta "kuɗi",
sai na maƙale inda ta miƙe tana kakkaɓe zane,
ta ce:
"Shi wanda zai karanta,
shekarunsa nawa?"