Jika Bakwai a Wadata

Jika bakwai na ninke a aljihu,
kuɗin wankin babur na wata biyu.
A kasuwar Wadata, Zabeiru ya rataye manyan kaski na kunne
kamar shanya.

Mai jar fitila sai ƙyafta mini ido yake,
jika ashirin. Na ce masa sai wata rana.
Mara waya kuwa, in an ɗauke wuta a Bukoki
wa zai ciyar da shi?

Na ɗauki baƙi mai waya, soso ya rufe kunnuwa ruf.
Na sa gurmi, tsirkiya ta yi magana.
Na sa wasa, na ji takun abokin gaba
ta hagu, bayan katanga.

Zabeiru na ta motsa baki,
ban ji ko kalma ba.
Nan na san ciniki ya faɗa.